Ido ya fara gajiya, bindigata kuma mai liba ce: madubi zan ɗora ko saitin huda?

Malam Sabo:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayani.

Ina da Winchester 94, bindiga mai liba (hannun ƙarfen da ke ƙarƙashinta, da ake ja don fitar da kwanso da ɗura sabon harsashi), mai cin harsashin .30-30, wadda na gada wajen mahaifina. Tsohuwar ƙira ce, irin mai tofar da kwanso ta sama. Shekara ashirin da ɗoriya ina farauta da ita da saitin da ta zo da shi, wato ƙwayar gaba da tsagin baya mai kama da ƙahon barewa. Ban taɓa kuka da ita ba sai bara. Yanzu na haura hamsin. In na kafa ido a kan ƙwayar gaba sai tsagin baya ya narke, in na dawo kan tsagin sai dabbar ta koma inuwa. A ƙarshen kakar da ta wuce, dab da faɗuwar rana, barewa ta fito mini a bakin kurmi, bai fi yadi 70 ba. Na ɗaga, na nemi ƙwayar a jikinta na rasa, baƙi ya haɗu da baƙi. Sai na sauke ban harba ba, don ba zan ji wa dabba rauni ta je ta mutu a wahale ba. Amma abin ya tsaya mini a rai har yau.

Wani abokina ya ba ni madubin hange na bindiga, 3-9x40, wato mai kusanto da abu sau 3 zuwa 9, faɗin gilashin gabansa milimita 40, ya ce in ɗora. Da na aza shi a kai don in gani, sai na tarar ya zauna daidai ƙofar da kwanso ke fita. To ina mafita? In kai a huda mini jikinta a ɗaura shi ta gefe, ko akwai wata dabara?

Nasiru:
Wa alaikumus salam Malam. Akwai kujerar madubi da ake ɗaurawa a gefen hagu, an yi ta ne musamman saboda irin taka. Ka sa ta, ka ɗora 3-9 ɗinka, shi ke nan. Kyauta ka samu, me zai sa ka ajiye shi?

Baba Iro:
Nasiru, dakata tukuna. Malam Sabo, don Allah kar ka bari kowa ya kusanci bindigar nan da abin huji. Rami in an huda ba ya komawa, kuma gadon uba ce. Kafin komai, juya ta ka dubi gefen hagu na akwatin, wato jikin ƙarfen da ke tsakanin bututu da katakon baya, can baya kusa da gudumar da ke bugun harsashi. Da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera tun daga farkon shekarun 1950 suna da ƙananan ramuka biyu a wurin, an toshe su da 'yan sukurori. Masu ƙirar ne suka yi su saboda saitin huda, wato saitin baya mai ɗan ramin da ake leƙawa ta cikinsa, irin su Lyman 66 ko Williams FP. In kana da su, to rabin matsalarka ta ƙare ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba.

Malam Sabo:
Baba, na duba yanzu, suna nan guda biyu. Wallahi duk tsawon shekarun nan na ɗauka suna riƙe wani abu ne a ciki. Amma ta yaya ƙaramar huda za ta taimaki mutumin da matsalarsa rashin gani ce? A tunanina ƙara duhu za ta yi.

Baba Iro:
Nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Da saitin da kake da shi, ido yana kokawa da abu uku a lokaci guda: tsagi, ƙwaya, dabba. Idon saurayi yana tsalle tsakaninsu da sauri har bai san yana yi ba. Namu ya daina. Ita huda ba kallonta ake yi ba, ta cikinta ake leƙawa, kamar yadda kake leƙa taga ba ka damu da katakonta ba. Ido da kansa yake neman tsakiyar da'irar, wurin da haske ya fi yawa. Sai aikinka ya koma abu biyu kawai, ƙwaya a kan dabba. Kuma ƙaramin rami yana kaifafa gani, shi ya sa mai raunin ido yake runtsewa in zai karanta rubutu.

Maganar duhu kuma, gaskiyarka rabi. Faifan da ake murɗawa a cikin hudar, mai ƙanƙanin rami, na gwaji ne da rana tsaka. In yamma ta yi sai ka warware shi ka jefa aljihu, ka leƙa ta babban ramin da ya bari. Zoben zai zama kamar hayaƙi a idonka, ba ka ma lura da shi, amma yana aikinsa.

Injiniya Bala:
Bari in ƙara a kan maganar Baba. Akwai wata riba da ba a cika ambata ba, tazarar da ke tsakanin saitin baya da na gaba. A bindiga mai bututun inci 20, tsagin da ke kan bututu yana ba ka wajen inci 16. In ka mayar da saitin can ƙarshen akwati, tazarar ta kai wajen 23. Kuskuren da ido zai yi iri ɗaya ne, amma ɓarnarsa a kan abin bara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kujerar gefe da Nasiru ya ambata tana aiki, ban musa ba, an daɗe ana amfani da ita. Sai dai madubin yana zama hagu da bututun, ba bisa kansa ba. Kuncinka zai bar katako ya rataya a iska. Sannan in ka daidaita harsashi ya faɗa tsakiya a yadi 100, layin ido da layin harsashi sun gitta juna ke nan, kafin nan yana dama, bayan nan yana wucewa hagu. Wasu ma dole suke juya madubin kwata guda don kada maɓallin gefe ya tare kwanso, sai maɓallin sama da ƙasa ya koma na hagu da dama. Wannan wahalar ce ta sa a 1982 aka fito da ƙirar Angle Eject, mai jefa kwanso a karkace ta dama, don a samu ɗora madubi a sama.

Zainabu:
Baba Iro, da girmamawa, amma ni ban yarda huda za ta magance abin da ya faru da Malam Sabo ba. Ku sake karanta labarinsa. Ba tsagi ne kaɗai ya ɓace masa ba, ƙwayar ce ta nutse a jikin dabba saboda haske ya tafi. Huda ba ta ƙara haske. Ni Marlin 336 nake riƙewa, kuma na yi shekara biyu da huda kafin na koma ƙaramin madubi 1.5-4x20. Bambancin a mintuna goma sha biyar na ƙarshen yini ba kaɗan ba ne. Da madubi nakan ga reshen da ya gitta tsakanina da dabbar, wanda da ido kawai ban san yana nan ba. Kuma nakan tabbatar da abin da nake kallo kafin in taɓa kunama. Wannan ya fi mini komai muhimmanci.

Baba Iro:
'Yata, ke taki Marlin ce. Tun da aka fito da 336 a 1948 samanta a rufe yake, kwanso ta gefe yake fita, madubi yana zama ƙasa-ƙasa kamar da shi aka haife ta. Da irinta gare shi da ban ja da ke ba sosai. Tasa daban ce.

Zainabu:
Haka ne Baba, na yarda da wannan. Amma ko a tasa akwai hanyar gaba.

Malam Sabo:
Wace ce hanyar gaba kuma?

Injiniya Bala:
Tana nufin a ɗora madubin a kan bututu, gaba da akwati, inda tsagin baya yake yanzu. Ana fitar da tsagin daga gurbinsa a sa kujera a madadinsa, wasu irin ba sa buƙatar huji ko ɗaya. Masanin harbi Jeff Cooper ne ya yayata wannan tsari a Amurka a shekarun 1980, a bindigar da ya kira scout. Sai dai madubin abokinka ba zai yi ba. Shi an yi shi ne ido ya tsaya inci uku zuwa huɗu a bayansa. Na gaba kuwa dole ya zama mai dogon zango, wanda kake ganin cikakken hoto daga inci tara ko fiye, galibi mai ƙarfin 2 ko 2.5. Amfaninsa, sama a buɗe take kwanso ya fita, idanu biyu a buɗe kake harbi, kuma har yanzu kana iya damƙe bindigar a tsakiya ka yi tafiya da ita a hannu ɗaya. Aibinsa, filin da kake gani ya fi ƙunci, kuma in rana tana bayanka ƙasa-ƙasa takan haske gilashin ka rasa komai.

Ɗanjuma:
Ni abin da zan ce a kansa shi ne tsayi, don na ɗanɗana. Tawa .45-70 ce. Da na fara, na sayi irin zobban nan dogaye masu rami a ƙasa, waɗanda ake cewa za ka iya leƙa saitin ƙarfe ta ƙarƙashin madubi. A baki abin da daɗi, biyu a ɗaya. A daji kuwa babu ko ɗaya. Gindin waɗannan bindigogi an sassaƙa shi ne ya sauka ƙasa don ido ya yi daidai da saitin ƙarfe. Da madubin ya hau sama, sai haɓata ce kawai ke taɓa katako. Kowane ɗagawa kaina a wani wuri daban yake sauka, ina ta lalube ina neman hoto. Rannan na ga aladen daji a gangare, ni ina sama, na miƙa wuya gaba don in kama hoton, na harba. Bindigar ta yi shuri, bakin madubin ya same ni a gira. Jini ya rufe mini ido, sai da aka yi ɗinki huɗu. Tabon yana nan.

Tun daga ranar, zobe mafi gajarta da zai bar madubi ya wuce ba tare da ya taɓa bututu ba shi nake saye. In guduma ta shige ƙarƙashin madubi babban yatsa ba ya kaiwa, akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaura mata ya fito gefe. Ka ɗaure shi da kyau, ka riƙa dubawa, don yakan saki.

Nasiru:
Allah ya ƙara kiyayewa Yaya Ɗanjuma. Amma ni har yanzu ban ga laifin 3-9 ba. In dabba ta tsaya nesa fa? Ai gara kana da ƙarfin ka rage, da ka nema ka rasa.

Zainabu:
Nesa ina, Nasiru? Dubi harsashin. Saboda harsasai a jere suke cikin ma'ajiyar da ke ƙarƙashin bututu, hancin wannan a gindin wancan, dole kansu ya zama mai faɗi ko mulmulalle, in ba haka ba shuri zai iya tayar da na gaba. Irin wannan kai iska tana cinye masa gudu da wuri. Mai nauyin giren 150 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) yana fita da gudun kusan ƙafa 2,390 a daƙiƙa, amma in ka daidaita shi a yadi 100, kafin ya kai 200 ya faɗi inci bakwai zuwa takwas. Kamfanin Hornady ya fito da harsashin LEVERevolution mai tsinin roba, ya ɗan miƙar da hanyar, amma bai mayar da ita bindigar harbin tsallaken kwari ba. To me za ka yi da ƙarfi 9? Abin da za ka fi buƙata shi ne faɗin gani. A ƙarfi 3 kana ganin wajen ƙafa 33 a yadi 100. A 1.5 kana ganin sama da 70. Yanzu raba wannan gida huɗu, don a yadi 25 dabbar za ta zabura. Da babban madubi gashi kawai za ka gani, ba ka san ko kafaɗa ce ko cinya ba.

Nasiru:
To hasken fa? Gilashin gaba na 40 ai ya fi na 20 tara haske.

Injiniya Bala:
Raba faɗin gilashin da ƙarfin da ka sa, shi zai ba ka kaurin hasken da ke fitowa zuwa idonka. 40 a ƙarfi 9 bai kai milimita huɗu da rabi ba. 20 a ƙarfi 4 milimita biyar ne, a ƙarfi 2.5 kuwa takwas. Ƙwayar idon matashi a duhu takan buɗe har wajen bakwai, ta wanda ya manyanta sau da yawa ba ta wuce biyar. Duk abin da ya haura haka zuba yake a banza. Ingancin gilashin da shafen da aka yi masa sun fi girmansa tasiri.

Garba Mai Gyara:
Na ga ba wanda ya ambaci jan ɗigo, wato ɗan gilashin saiti mai batir da ke nuna jan ɗigon haske. Ga wanda ido ya fara ba shi matsala yana da sauƙi ƙwarai, ɗigo ɗaya ne ka aza a inda kake so. Ƙananan ba su da nauyi, kuma ana iya ɗora su a gurbin tsagin baya. Sai dai ka leƙa na wani kafin ka saya. Masu wata matsalar ido suna ganin ɗigon ya tarwatse kamar tauraro ko ya yi wutsiya. Batir kuma a canza shi farkon kowace kaka, kar a jira ya mutu.

Tunda aikina ke nan, ga abin da nake gani kullum a kan teburina, ko wane iri mutum ya zaɓa. Na farko, a tabbatar ba komai a ciki. Mai liba tana ɓoye harsashi a ma'ajiya, ka ja liba sau da yawa, ka leƙa da idonka har ka ga bakin ma'ajiyar wayam. Na biyu, ramukan sukurori cike suke da tsohon mai, a wanke su da abin da ke cire maiƙo, a bar su su bushe. Sukudireba ya zama daidai bakin sukurun, don waɗannan ƙanana ne, sau ɗaya ya zame ya ɓata kan ya kuma karce jikin bindiga. A ɗiga ɗan shuɗin Loctite, gam ɗin da ke hana sukuru warwarewa, a sukurorin kujera, shuɗi na ce, ba ja ba, jan sai da wuta yake fita. Sukurorin zobe kuma ba a murɗe su da ƙarfin tuwo. Yawancin masu ƙira suna faɗin ƙarfin murɗi wajen inci-fam 15 zuwa 18, a bi abin da ke takardar. Na sha karɓar madubin da aka matse har bututunsa ya lotsa, mai shi yana cewa ba ya riƙe saiti.

Abin da aka fi mantawa: tsawon sukuru. In ya zarce ya leƙa cikin akwati zai taɓa abin da ke motsi a ciki. Ɗaure ɗaya, ja liba, ɗaure na biyu, ja liba. Da ka ji ta yi nauyi ka san wanda ya yi laifi.

Ɗanjuma:
Ƙari a kan na Malam Garba, kafin ka matse zobba, sa rigar da za ka fita da ita. Rufe ido, ɗaga bindigar kamar dabba ta fito, sannan buɗe. In ba ka ga cikakken da'ira nan take ba, madubin za ka matsar, ba wuyanka ba. Yi haka sau goma.

Baba Iro:
Duk na ji, kuma Zainabu ta faɗi gaskiya a kan haske. Amma Malam Sabo, ɗauki bindigarka yanzu, ka riƙe ta a tsakiya, yatsunka su zagaye akwatin. Ka ji yadda ta kwanta a hannu? Siririya ce, ba ta kai fam bakwai ba. Saboda haka aka yi shekara sama da ɗari ana son ta, tun da John Browning ya zana ta aka fitar a 1894. Duk abin da za ka ɗora, ka tambayi kanka ko zai bar maka wannan. Ni shawarata ka fara da huda tunda ramukan suna nan, ka canza ƙwayar gaba zuwa wadda ido ke kamawa, mai farin layi ko mai zaren nan da ke tara haske. In ka gwada da yamma bai yi ba, ka koma ta Zainabu, ba ka yi asarar komai a jikin bindigar ba.

Malam Sabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan bi ta Baba tukuna, in dawo muku da labari.

Malam Sabo:
Jama'a na dawo. Na ɗaura hudar, na fitar da tsohon tsagin don yana tare mini gani. Abin mamaki, ƙwayar gaba ta fito tas kamar an wanke mini ido. Harbi uku a yadi 50 sun taru wuri guda, tafin hannuna ya rufe su har da saura. Matsala ɗaya, duk suna sama da inci biyar, kuma na sauke hudar har ƙasa ba sauran wuri.

Injiniya Bala:
Wannan ba komai ba ne, kusan kowa yana haɗuwa da shi, don hudar ta fi tsohon tsagin tsayi. Ƙwayar gaba ce ta yi gajarta. Ka tuna ƙa'idar: na baya ana matsar da shi inda kake son harsashi ya je, na gaba kuwa akasin haka. Kana son harsashi ya sauka, to gaba ta ƙara tsayi. Lissafin: kuskuren, sau tazarar saiti, a raba da nisan, duk a inci. Yadi 50 inci 1,800 ne. Biyar sau 23, raba da 1,800, ya ba ka 0.064 na inci, wato milimita ɗaya da rabi da 'yan kai. Auna tazararka da kanka don 23 ɗin ƙiyasi ne, sannan ka auna tsayin ƙwayar da ke kai ka nemi wadda ta fi ta da wannan, ka ɗan ƙara kaɗan don hudar ta samu wurin motsi sama da ƙasa.

Garba Mai Gyara:
In za ka fitar da ita, daga hagu ake bugawa ta fita ta dama, sabuwar kuma ta shiga ta dama. Da ɗan sandan tagulla, ba na ƙarfe ba. In ta yi tauri, gindin ƙwayar ake gogawa kaɗan-kaɗan, kar ka taɓa gurbin da ke jikin bindiga. Wajen gwaji kuma katakon gaba za ka aza a kan jaka, ba bututu ba, kuma ka bar ta ta huce tsakanin harbi. Waɗannan in sun yi zafi sukan fara yawo da harsashi saboda ɗaurin da ya haɗa bututu da ma'ajiya.

Zainabu:
Madalla Malam. Amma gwajin rana tsaka ka yi a kan farar takarda. In ka sa sabuwar ƙwayar, samo kwali mai ruwan ƙasa, kar ka zana masa komai, ka jingina shi a inuwar bishiya a yadi 70. Ka jira irin lokacin da barewar nan ta fito maka, ka cire faifan, ka ɗaga. Ko ba ka harba ba, ka faɗa mana ko ka ga ƙwayar a jikinsa.

Malam Sabo:
In sha Allahu zan yi haka. Mai farin layin na yi oda, in ta iso ranar Asabar zan fita da kwalin.